Marasa Gida A Amurka: Shirin Shekara Goma Da Abin Da Ya Haifar

Cikin watan Disamba na 2024 Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane ta Gwamnatin Amurka ta fid da sakamakon ƙidayar da ta kan sa a yi ta mutanen da ba su da wurin kwana na kansu. A dare guda cikin Janairu na wannan shekara an sami mutum 771,480, waɗansu a gidajen kwana na agaji, waɗansu cikin motoci da tantuna da ƙarƙashin gadoji. Tun da aka fara wannan lissafi cikin 2007 ba a taɓa samun adadin da ya kai haka ba, ya kuwa ɗara na 2023 da kashi 18 bisa 100. Cikinsu akwai fiye da 150,000 waɗanda Gwamnati ke kira marasa gida na tutur. A kan waɗannan ne za mu yi magana, gama su ne Gwamnatin Amurka ta yi alkawari cikin 2002 za ta kawo ƙarshen halinsu kafin shekara goma. Ga shi an wuce shekara ashirin. Ya kamata mu duba ko shirin ne ba shi da kyau, ko kuwa wani abu dabam ne ya ci ƙarfinsa, domin amsar da aka zaɓa ita ce za ta nuna inda kuɗin jama'a za su tafi nan gaba.

Da fari sai mu san wanda a ke nufi. A bisa ƙa'idar Ma'aikatar Gidaje, marar gida na tutur shi ne mutumin da ke da wata naƙasa, ko ta jiki, ko taɓin hankali, ko jarabar giya da ƙwaya, wanda kuma ya yi shekara guda cur ba shi da gida, ko kuwa ya rasa gida sau huɗu cikin shekara uku har jimlar kwanakin ta kai wata goma sha biyu. Ba a sa mutumin da aiki ya ƙare masa ya yi mako uku a gidan agaji kana ya sami ɗaki cikin wannan lissafi.

Mai karatu zai yi mamakin yadda ƙasa mai arziki irin wannan ta wayi gari da mutanenta kwance a bakin titi. Ruwa ba ya tsami banza. Cikin 1955 akwai fiye da mutum rabin miliyan a manyan asibitocin masu taɓin hankali na jihohi. Aka ga zaman nan ya yi kama da kurkuku, aka shiga sallamarsu, bisa niyyar a gina ƙananan wuraren magani a unguwanni, har Shugaba Kennedy ya sa hannu a kan dokar haka cikin 1963. Sallama ta tabbata, amma wuraren maganin ba a gina su yadda aka ƙudura ba. A wannan zamani kuma manyan birane suka yi ta rushe tsofaffin gidajen haya masu ɗaki ɗai ɗai, inda talaka gwauro kan biya kuɗi kaɗan ya sami makwanci. Ya zuwa shekarun 1980 abin ya fito fili har ba ya ɓoyuwa. Cikin 1987 Majalisar Dokoki ta zartar da dokar McKinney, Shugaba Reagan ya sa hannu, ita ce babbar doka ta fari da ta sa kuɗin Gwamnatin Tarayya cikin taimakon marasa gida.

Hanyar da aka bi a lokacin kamar tsani ta ke. Mutum ya fara da gidan kwana na dare ɗaya. In ya bar giya, ya riƙa shan magani, ya kiyaye dokokin gida, sai a ciyar da shi gaba zuwa masauki na 'yan watanni. In ya ci wannan jarrabawa kuma, sa'an nan a yi maganar ba shi ɗaki nasa na kansa. A takarda abin ya yi tsari. A aikace kuwa waɗanda suka fi kowa buƙata su ne suka fi faɗowa daga tsanin, gama yaya mutum zai kiyaye lokacin shan magani alhali ba shi da inda zai ajiye kwalbar, an kuwa sace masa jaka jiya da dare? Duk malamin makaranta ya san irin wannan: yaron da ya kwana da yunwa ba a fara masa da jarrabawa.

Cikin 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin Niyok, Sam Tsemberis, ya juya tsanin. Ƙungiyarsa ta kan ɗauki mutum daga titi ta ba shi mabuɗin ɗakin haya nan take, ba tare da sharaɗin sai ya bar sha ko sai ya karɓi magani ba. Abin da a ke nema gare shi shi ne ya biya kashi 30 bisa 100 na ɗan abin da ya ke samu, ya kiyaye sharuɗɗan haya kamar ko wane ɗan haya, ya kuma yarda ma'aikatan ƙungiya su riƙa ziyartarsa. Magani da taimakon barin sha suna nan ga wanda ya so. Wannan hanya ita ce za mu kira Gida Tukuna. Binciken da aka buga cikin 2000 ya nuna bayan shekara biyar kashi 88 bisa 100 na mutanen Tsemberis suna cikin gidajensu, na hanyar tsani kuwa kashi 47.

Sai kuma lissafi ya shigo, shi ne ya ja hankalin masu riƙe da baitulmali. Wani malamin Jami'ar Pennsylvania, Dennis Culhane, da abokin aikinsa suka bi rajistar gidajen kwana na Niyok da Philadelphia, suka buga abin da suka gani cikin 1998. Kimanin kashi 80 bisa 100 na masu zuwa su kan yi ɗan zama ne su tafi. Amma akwai kashi 10 waɗanda ba su tafiya, su kaɗai kuwa ke cinye wajen rabin kwanakin gadajen duka. Cikin 2002 Culhane da abokansa suka ƙara nuna cewa marar gida mai taɓin hankali a Niyok ya kan ci wa hukuma kimanin dala 40,000 a shekara, tsakanin asibiti da gidan kwana da kurkuku, in an ba shi gida kuwa wannan kuɗi ya kan ragu da kimanin dala 16,000, abin da ya kusan biyan kuɗin gidan. Watau barin mutum a titi ma ba kyauta ba ne, ana biya, sai dai kuɗin sun warwatsu cikin littattafan ofisoshi dabam dabam, ba wanda ya taɓa tara su a shafi guda.

Wannan hujja ce ta sa Gwamnatin Shugaba George W. Bush, wadda ba a san ta da sakin hannu wajen taimakon talakawa ba, ta rungumi abin cikin 2002. Aka ba Philip Mangano shugabancin majalisar da ke haɗa ma'aikatun Gwamnati kan sha'anin marasa gida. Ya yi ta yawo gari gari yana lallashin magadan gari da gwamnoni su rubuta shirin shekara goma. Birane da gundumomi da jihohi fiye da 200 suka rubuta nasu. Shugaba Obama da ya hau bai rushe ba, cikin 2010 ya fid da nasa shiri na ƙasa duka, ya sa 2015 ta zama wa'adi, daga baya aka ɗaga zuwa 2017.

A nan ya kamata malaman ofis su lura da yadda kuɗin ke tafiya, gama dabarar tana nan. A da ko wace ƙungiyar agaji ta kan aika takardar roƙonta Washinton ita kaɗai. Daga tsakiyar shekarun 1990 Ma'aikatar Gidaje ta hana haka. An raba ƙasar yanki yanki, kusan 400, ko wane yanki da kwamitinsa na haɗin gwiwa wanda ya ƙunshi hukumar gari da ƙungiyoyin agaji da sauran masu hannu cikin aikin. Kwamitin nan shi zai yi ƙidaya a dare guda cikin kwanaki goma na ƙarshen Janairu, shi zai riƙe rajistar waɗanda aka taimaka, shi zai jera ayyukan yankin daga mafi amfani zuwa na ƙarshe, ya aika da takarda guda. Ma'aikata ta auna takardun ta ba da maki, kuɗi su bi maki. Dokar da aka yi cikin 2009 ta ƙarfafa wannan tsari. Cikin Janairu na 2025 kuɗin da aka sanar za a raba ta wannan hanya sun kusan dala miliyan dubu 3 da miliyan 600. Gwamnatin Tarayya ba ta tilasta wa ko wane gari ya bi Gida Tukuna da sanda ba. Maki ta ƙara wa masu bi, sauran kuwa suka ga inda riba ta ke.

To, me aka samu? Marasa gida na tutur sun ragu daga kimanin 120,000 cikin 2007 zuwa ƙasa da 80,000 cikin 2016. Ba ƙarshen abin ba ke nan, amma ragin kashi ɗaya cikin uku ba abin rainawa ba ne, balle ma tsakanin shekarun nan aka yi babban karayar arziki ta 2008. Inda nasara ta fi bayyana shi ne wajen tsofaffin sojoji. Daga 2008 Majalisa ta riƙa ba da kuɗi na musamman: Ma'aikatar Gidaje ta biya haya, Ma'aikatar Tsofaffin Sojoji ta ba da likita da mai kula. Tsofaffin sojoji marasa gida sun kai wajen 74,000 cikin 2010, cikin 2024 kuwa 32,882, watau an rage fiye da rabi, a daidai lokacin da adadin sauran jama'a ke hawa. Hanyar ɗaya ce da ta sauran. Bambancin shi ne jam'iyyu biyu duka sun yarda a kashe wa soja kuɗi, aka ba da su gwargwadon girman matsalar, aka kuma ci gaba da bayarwa shekara bayan shekara.

Akwai wani labari da ya kamata duk mai riƙe rajista ya ji. Jihar Utah ta fara nata shiri cikin 2005. Cikin 2015 ta ba da sanarwa ta rage marasa gida na tutur da kashi 91 bisa 100. Jaridun duniya suka ɗauka, aka yi ta zuwa ganin abin al'ajabi. Sai wani masanin tattalin arziki, Kevin Corinth, ya koma kan alƙaluman cikin 2016 ya nuna yawancin ragin daga sauya hanyar ƙidaya ya fito. A shekarun fari an riƙa ninka adadin dare guda domin a kimanta na shekara duka, a ƙarshe kuwa aka gwada shi da adadin da ba a ninka haka ba, an kuma canza waɗanda a ke sa wa cikin lissafin. Cikin 2018 masu binciken kuɗi na Majalisar jihar da kansu suka ce ba za a dogara da wannan adadi ba. Utah ta ba mutane da yawa gidaje, wannan gaskiya ne. Amma mudun da aka auna da shi da safe ba shi aka auna da shi da yamma ba, abokan gaban shirin kuwa suka sami sandan dukansa har yau. Ita ma ƙidayar dare guda kowa ya san ba ta kama kowa: wanda ya ɓuya cikin kango ko ya raɓa a ɗakin aboki ba ya shiga. Sabo da haka waɗansu yankuna suka koma riƙe rajista mai sunan ko wane mutum, ana gyara ta ko wane wata. Da irin wannan rajista Gundumar Bergen ta jihar New Jersey da garin Rockford na jihar Illinois suka kai ga sanar da cewa sun kusan share marasa gida na tutur cikin 2017. Sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya.

Cikin manyan birane Houston ta jihar Texas ita ce abin misali. Cikin 2011 an ƙidaya mata marasa gida wajen 8,500. Daga 2012, zamanin magajiyar gari Annise Parker, aka tara ƙungiyoyi masu yawa, waɗanda a da ko wace ke jan nata, aka sa su ƙarƙashin tsari guda, da ƙofa guda ta shiga, da ma'auni guda na sanin wanda ya fi buƙata. Ya zuwa 2022 an shigar da mutum fiye da 25,000 gidaje, ƙidaya ta sauko da fiye da kashi 60 bisa 100. Jihar Kalifoniya kuwa ta mai da Gida Tukuna doka cikin 2016, ta kashe wajen dala miliyan dubu 24 cikin shekara biyar, amma marasa gidanta suka ƙaru har suka kai kimanin 187,000 cikin 2024. Mai binciken kuɗi na jihar ya ce cikin Afrilu na 2024 hukumar da aka ɗora wa aikin ba ta ma bi sawun abin da kuɗin suka haifar yadda ya kamata ba. Masu jefa ƙuri'a na Los Anjalas sun yarda cikin 2016 a ci bashin dala miliyan dubu 1 da miliyan 200 a gina gidaje 10,000, sai ga shi kuɗin gina gida ɗaya ya tasam ma dala 600,000, ginin kuma ya yi ta jan ƙafa.

Suna ɗaya, hanya ɗaya, sakamako biyu. A ganina dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gida Tukuna na buƙatar gida. A Houston ba a tsananta dokokin gini ba, ana gina gidaje da yawa, haya na da sauƙi, masu gidajen da ke da ɗakuna a wofi su kan yi murna da ɗan hayar da Gwamnati ta tsaya masa. A biranen Kalifoniya shekaru da yawa dokokin unguwanni sun hana gina sababbin gidaje, haya ta yi tsada, ɗaki ɗaya mutum goma ke nema. Gregg Colburn da Clayton Aldern sun gwada biranen Amurka cikin littafin da suka buga a 2022, suka tarar yawan marasa gida ba ya bin yawan talauci ko shan ƙwaya ko taɓin hankali na gari, tsadar haya da ƙarancin ɗakuna ya ke bi. Jihar West Virginia na cikin waɗanda ƙwaya ta fi kashe wa mutane, amma marasa gidanta kaɗan ne in an gwada da Kalifoniya. Naƙasa ta kan zaɓi wanda zai faɗi, tsadar haya kuwa ita ke ƙayyade ko mutum nawa za su faɗi. Kwamitin yanki yana iya fid da mutum ɗari daga titi, in ɗari da ashirin suka faɗo a bayansa ƙidayar Janairu za ta ce bai yi kome ba. Kwamitin kuwa ba shi da iko a kan dokokin gini ko kuɗin haya. An ɗora masa alhakin tulu mai yoyo, ba a ba shi ikon liƙe gindin ba.

Masu sukar shirin suna da tasu gaskiya, bai kamata a toshe kunne ba. An yi wa jama'a alkawarin za a yi tsimin kuɗi, an kuma ce lafiyar mutanen za ta inganta. Babban gwajin da Kanada ta yi a birane biyar daga 2009 zuwa 2013, da mutum wajen 2,000, ya tabbatar da cewa waɗanda aka ba gida sun fi zama cikin gida nesa ba kusa ba, amma wajen barin sha da samun sauƙin taɓin hankali bambancin bai taka kara ya karya ba. Cikin 2018 majalisar manyan masana kimiyya ta Amurka ta duba binciken da aka yi duka ta ce shaidar zama cikin gida tana da ƙarfi, ta ingantar lafiya da tsimin kuɗi kuwa ba ta isa ba. Tsimin ya kan samu ne a kan 'yan kaɗan ɗin nan da ke yawan shiga asibiti. Waɗanda suka tallata shirin da cewa zai biya kansa sun yi wa kansu tarko. Har ila yau wurare da yawa sun ɗauki rabin koyarwar Tsemberis suka bar rabi: suka ba da mabuɗi, ba su ɗauki isassun ma'aikatan ziyara da likitoci ba. Mai taɓin hankalin da aka kai ɗaki aka rufo ƙofa aka tafi, an dai ɗauke shi daga idon jama'a ne kurum.

Iska ta juya. Ran 28 ga Yuni, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai shida suka rinjayi uku, cewa garin Grants Pass na jihar Oregon yana da ikon hukunta masu kwana a filin jama'a, ko da ba su da wani wurin zuwa. Garuruwa da yawa suka bi sahu da dokokin hana kafa tantuna. Ran 24 ga Yuli, 2025, Shugaba Trump ya sa hannu a kan umurnin da ya ce ma'aikatun Gwamnati su daina goyon bayan Gida Tukuna, su fifita shirye-shiryen da ke gindaya sharaɗin karɓar magani, a kuma sauƙaƙa hanyar kai masu taɓin hankali asibiti ko ba da yardarsu ba. Akwai mutanen da lalle ba su iya zama su kaɗai, asibiti su ke buƙata, gadajen asibitin kuwa sun yi ƙaranci, wannan ba wanda zai musa. Amma tara ba ta samar da ɗaki, wanda ya fito daga kurkuku kuwa ya fi wahalar samun mai ba shi haya fiye da ranar da ya shiga. Hanyar sharaɗi kuma ita ce tsanin nan da aka gwada aka ga iyakarsa kafin 1992.

In ana son ganin abin da Gida Tukuna ke yi sa'ad da aka haɗa ta da gini, sai a dubi ƙasar Finlan. Ta fara nata shiri cikin 2008, Gwamnati da birane da ƙungiyoyi suka sa hannu a kan yarjejeniya mai faɗin gidaje nawa ko wane birni zai samar. Gidauniyar Y, wadda aka kafa tun 1985, ta yi ta sayen gidaje tana ginawa. Wani babban gidan kwana a Helsinki mai gado 250 aka mai da shi gidaje 81, ko wane da ƙofarsa da takardar hayarsa. Birnin Helsinki shi ke da mafi yawan filayen da ke cikinsa, sabo da haka yana da ikon cewa a gina gidajen masu ƙaramin ƙarfi a ko wace sabuwar unguwa. Marasa gida a Finlan sun haura 18,000 cikin 1987, cikin 2023 kuwa ba su kai 4,000 ba. Amma cikin 2024, bayan Gwamnati ta rage kuɗin taimakon haya da na marasa aiki, adadin ya ɗaga a karo na fari bayan shekaru fiye da goma yana sauka.

Abin da ke kan faifai a Amurka ya fi gardamar masana nauyi. Mafi yawan kuɗin da kwamitocin yankuna ke karɓa ko wace shekara ba na sabon aiki ba ne, na sabunta hayar mutanen da aka riga aka shigar gidaje ne, waɗansu tun shekara goma ko sha biyar. Ƙidayar Janairu ba ta lissafa su, gama suna da gida. In aka karkatar da kuɗin zuwa masaukai na ɗan lokaci, mai gidan haya ba zai jira a gama gardama a Washinton ba, ƙarshen wata zai zo neman kuɗinsa, waɗannan mutane kuwa naƙasassu ne da abin da su ke samu bai kai kuɗin hayar ba.